Ƙofar Hagu

An shafa wa ginin farin fenti, an kafa allo wai asibiti, amma Nellie Garside ba ta taɓa kiransa haka ba. A bakinta har gobe Gidan ne, inda a da hukuma ke tara waɗanda talauci ya kayar, su wuni suna bauta a bakin tsinkakken kunu.

Tana shekara bakwai suka shiga ita da iyayenta, da masaƙa ta sallami ubanta daga aiki. Ƙofa biyu ce, maza hagu, mata dama, ko da kuwa da aure. Uban ya shige hagu yana ɗaga mata hannu. Bango ɗaya ne tsakaninsu, amma da ya rasu, sai da ya kwana uku a ƙasa aka gaya wa uwarta, tana tsakiyar wanki.

Yau, bayan shekara sittin, ciwon ƙirji ya kayar da mijinta Enoch, aka shige da shi ta hagun nan dai. Tsoro ya kama Nellie, sannan haushi ya danne tsoron. Ta ɗaura hularta ta zuwa coci, ta bi bayansu.

Sista Pilling, shugabar ma'aikatan jinya, ta tare ƙofa.

"Iya, ziyara sai Laraba da Lahadi. Yau Litinin."

"'Yar nan, matsa min."

"Doka ce. Nan ɗakin maza ne."

"Ni za ki koya wa dokar gidan nan? Na bi ta sau ɗaya, na ga abin da ta saka min da shi."

Ta ratsa ta gefenta kamar mai shiga kicin ɗinta, ta ja kujera gaban gadon Enoch, ta zauna daram, jaka a cinya.

Enoch ya buɗe ido da ƙyar. "Ke dai ba kya jin magana."

"Rufe min baki, ka yi numfashi."

Sista ta ce za ta kira masu gadi.

"Kira su duka. Sai dai su ɗauke ni da kujerar, kuma ki gaya musu ina cizo."

Masu gadin suka leƙo. Ɗaya uwarsa ma a Gidan ta tashi. Suka juya abinsu.

Enoch bai kai Laraba ba. Ya cika ranar Talata da hantsi, hannunsa cikin nata. Nellie ta rufe masa ido, ta gyara hula, ta taka har teburin Sista.

Wannan karon ita ta kai labarin.