Kujerar Tsoho Chen

Nafi'u ya faɗa cikin jirgin ƙasa ƙofa na shirin rufewa, idonsa a kan waya. A taswira, ɗan babur ɗin da ya ɗauko kayansa sai matsowa yake gidan Gwaggo Luo, saura tituna uku. Shekara biyu Nafi'u na birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana yabon masu kai kayan garin, ka saya da safe ka karɓa kafin la'asar. Yau kuwa, Allah Ya yafe masa, addu'a yake taya ta yi wa bawan Allah faci.

Gwaggo Luo ce mai ɗakin da yake haya. Ran Jumma'a yarjejeniyarsu za ta ƙare, ga shi ta fara zancen wani ɗan ƙanwarta mai neman wurin zama. In babu takardar haya babu rajistar 'yan sanda, in babu rajista babu sabunta biza, sai dai ya tattara ya koma Gusau da rabin digiri. Shi ya sa ya ce bari ya sanyaya zuciyar tsohuwa da kyauta, tunda kullum kukan ciwon baya take.

Inda aka samu matsala, watan jiya ya ci jarrabawar Sinanci mataki na uku, kai ya kumbura. A gaban abokan karatunsa ya goge manhajar fassara daga wayarsa, ya ce wannan ta sababbin zuwa ce. Da ya shiga kasuwar intanet a wayarsa sai ga kujerar tausa, baƙa wul tana sheƙi, har da maɓallai a hannunta, yuan talatin da tara, kuɗin kwanon taliya biyu. A rubutun da ke ƙasa ya gane "kujera", ya gane "tsofaffi", ya gane "kai kaya kyauta". Sauran ya tsallake kamar yadda ya saba. Ya dai tambayi mai shago ko tana da ƙarko, aka ba shi amsa nan take cewa duk waɗanda aka aika wa, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Sai yau da rana, wurin cin abinci, ya nuna wa abokinsa Wei Jun hoton don a yaba masa iya ciniki. Saura kaɗan shinkafa ta sarƙe Wei Jun. Da ya samu numfashi ya ce ai wannan takarda ce da tsinken gora. Gobe ranar sharar kaburbura, irin kayan da ake ƙona wa mamata ke nan don su same su a can lahira.

"Tsohuwa mai rai ka aika wa? Da sunanka a jiki?"

"Har da kati," in ji Nafi'u.

"Me ka rubuta?"

"Cewa ina fatan za ta fara amfani da ita da wuri."

Wei Jun ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce masa ya ruga.

Yana tasha ta biyu waya ta yi ƙara: an karɓi kaya, an sa hannu. Ya ci gaba da tafiya don bai san inda zai nufa ba in ba can ba. Ya ratsa yayyafi, ya hau bene hawa shida a ƙafa, yana ta jera kalmomin ban haƙuri a ransa. Duk Sinancin mataki na uku ya gudu, abin da ya rage masa yadda ake tambayar hanyar gidan waya.

Ƙofa a buɗe take. Ga kujera a tsakiyar falo, tsayinta bai wuce gwiwa ba, fanka na kaɗa ta tana rawa. Ƙawayen Gwaggo uku, waɗanda suke rawar motsa jiki tare a dandali, sun kewaye ta. Kowa ya juyo ya zuba masa ido. Tsoro ya kama Nafi'u sosai, har ya fara lissafin abin da zai gaya wa mahaifinsa.

"Ga shi nan," in ji Gwaggo Luo. "Shigo, ɗan nan, ka cire takalmi."

Ta juya ga ƙawayenta ta ce su dubi baƙon da ya zo daga wata uwa duniya, amma ya tuna da marigayi mijinta, Tsoho Chen, har ya saya masa kujera, shekara talatin yana tuƙin bas har bayansa ya tanƙware, ya mutu bai taɓa zama a kujerar tausa ba. Ɗan cikinta kuwa yana Kanada, bana ma ba zai zo ba. A waya ya yi hayar wani ƙato da zai je ya share kabarin uban a madadinsa, ya rusuna sau uku, ya turo bidiyo. Wai in aka ƙara kuɗi har kuka yana yi.

Tsofaffi suka yi ta jinjina kai. Ɗaya ta matsa masa lemo a hannu, ɗaya ta tambaya ko yana da aure. Nafi'u dai "na gode, Gwaggo" kawai yake maimaitawa, don ita ce jimlar da ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Da suka watse, Gwaggo Luo ta rufe ƙofa. Ta sa hannu a aljihun rigarta ta zaro katin, ta ajiye a kan tebur.

"Da wuri, ko?"

"Gwaggo, wallahi ban..."

"Na san ba ka iya karatu ba. Tun ranar da ka wanke kanka da sabulun wanke-wanke na sani." Ta zauna a hankali, hannunta a ƙugu. "Amma waɗancan ukun, shekara huɗu suna tambayata wa zai raka ni kan dutse wurin kabarin mijina. Yau dai sun yi shiru."

Ta jawo takardar haya daga ƙarƙashin farantin lemo, ta nuna masa ba a sa hannu ba tukuna. Ta ce gobe ƙarfe bakwai ya zo ya ɗauki kujera da tsintsiya, matakala ɗari huɗu ce zuwa wurin Tsoho Chen. Ƙonawa aikinta ne, ta san addininsa, shi dai ya tsaya inda mutane za su gan shi. In sun sauko ta sa hannu. Kuma daga yanzu duk Lahadi zai zo ta koya masa karanta abu har ƙarshensa.

Washegari ya hau dutsen a bayanta, yana kare kujerar da lemarsa, shi ruwa na dukansa. Tana tsaye tana yi wa mijinta bayanin maɓallai ɗaya bayan ɗaya, wuta na cin takarda, sai wayar Nafi'u ta yi ƙara. Mai shago ne, yana tambaya cikin ladabi ko wanda aka saya wa ya ji daɗin kaya.

Nafi'u ya karanta saƙon tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Sannan ya danna wa shagon taurari biyar.