Gawar Ametepe a Bakin Iyaka

Duk wanda ya zauna a Aflao, garinmu da ke bakin iyaka da Togo, a shekarar da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi rabuwa, har aka ce sai an je zagaye na biyu, ya san muryar Senanu. Kullum da safe, mata na hura wuta, direbobi na wanke mota, shi yana cikin rediyo yana zuba. Yaro ne mai baki, sai dai irin bakin da ke riga tunani fita.

Tun da aka ƙirga zagayen farko maganarsa ɗaya ce: a rufe iyaka.

"Jama'a," yakan ce, "ƙuri'un da ke tsakanin mutanen nan biyu ba su cika filin ƙwallo ba. Motoci kaɗan daga Lome sun isa su naɗa mana shugaba. Ƙasar da ba ta san mai shiga cikinta ba, da wace fuska za ta zauna da maƙwabta? Zumunci da Togo yana nan, a yi shi bayan zaɓe. Yanzu kowa ya tsaya gidan ubansa."

Rabin gari na tsine masa, rabi na bugo waya suna cewa, "Efo Senanu, faɗa musu!" Efo a yarenmu shi ne yaya. Shi kuwa duka biyun daɗi suke masa, tunda mai zagin ma sai ya kunna rediyo.

To, a lokacin uban Senanu, tsoho Ametepe masunci, yana kwance a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ana jiran dangi su taru kamar yadda muka saba. An sa ranar binnewa Asabar, jajibirin zagaye na biyu. 'Yar'uwa ɗaya ta rage wa Ametepe a duniya, ƙanwarsa Afiwa, wadda aure ya kai unguwar da ke manne da mu ta ɓangaren Togo. Wayar shingen iyaka ce kawai ta raba. Senanu yana kiranta Tasi, wato gwaggo. A zuriyarsu kuwa ba a rufe akwatin namiji sai 'yar'uwarsa ta wanke masa fuska da hannunta, ta lulluɓe shi da mayafi, ta kira masa sunayen waɗanda suka riga shi don su tare shi a hanya. Ba aikin mata ba ne, ba na ɗa ba. Na 'yar'uwa ne.

Ana saura mako, sai ta kira shi a waya.

"Senanu, ran Litinin ina tafe. Akwai aiki a gidan nan, matanku na yanzu ko kifi ba su iya ƙyafewa ba."

"Tasi, ki bari sai Juma'a da yamma. Gida ya cika, babu wurin kwana."

"Gidan da aka yanke mini cibiya ne babu wurin kwana? To in aka rufe hanyar da kake ta ihun a rufe fa?"

Ya yi dariya. "Haba Tasi, wa zai rufe? Maganar rediyo ce kawai."

Ƙarya ya yi mata. Wurin kwana akwai, har da katifa sabuwa. Abin da ya gudar wa shi ne a ga tsohuwa 'yar Togo tana shiga tana fita a gidan mai cewa a rufe iyaka, ana gobe-jibi zaɓe. Ya san abokan gaba za su yi masa waƙa da shi a kasuwa. Sai ya zaɓi ya kare sunansa.

Ran Juma'a da azahar aka ɗauko gawa. An kafa rumfuna, makaɗa sun zauna, dangin Accra da na Kumasi sun sauka da baƙaƙen zannuwansu, ana tuƙa akple, tuwonmu na masara, a manyan tukwane. Rediyon wani direba na magana a gindin mangwaro. Can sai aka katse kiɗa, aka ce sanarwa daga gwamnati: an rufe duk iyakokin ƙasa daga wannan sa'a, sai bayan zaɓe.

Makaɗa suka tsaya. Duk idon da ke rumfar nan kan Senanu ya sauka.

Togbi Hlomador, babban dattijon gidan, ya dogara sandarsa ya taso. "Ɗan rediyo, barka. An amsa addu'arka."

"Togbi, ba ni na rufe ba. Wa ya san da ni a Accra?"

"Ba kai ka rufe ba, kai ka yi ta roƙo. Ina Afiwa?"

"Da... yau da yamma za ta shigo."

"Yau da yamma! Matar da ko bikin suna sai ta riga kowa zuwa?"

Senanu ya sunkuyar da kai. Gawa kuma in ta shigo gida ba ta komawa asibiti, kowa ya san wannan.

Ya hau babur ya tafi ƙofar iyaka. Ya tarar an ja ƙarfe, sojoji na zaune a inuwa. Yana buɗe baki babbansu ya washe haƙora.

"A'a! Wannan murya ai na san ta. Efo Senanu! Kullum da kai muke karyawa. Ga shi an yi yadda ka ce, ko kaza ba ta wuce ba."

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce guda ɗaya. Yayanta ne ya rasu. Ko katin zaɓe ba ta da shi."

"Ayya, Allah ya ji ƙansa. Amma in na bar ta, gobe wa zai faɗa a rediyo cewa muna shigo da 'yan Togo? Ba kai ba?"

Sauran suka kwashe da dariya. Akwai ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, amma an zuba tsaro a can ma, Afiwa kuwa gwiwarta ba ta gudu. Senanu ya dawo gida da ƙura a ƙafa, bai iya kallon akwatin ba.

Da gari ya waye Asabar, Togbi ya tara maza. "Tunda ba za ta zo ba, shi zai je. Ku ɗauka."

Haka aka fito da Ametepe a kafaɗa, makaɗa a baya, aka bi ta lungu har inda wayar iyaka ta ratsa bayan gidaje. Afiwa na can tsaye a ɗaya ɓangaren, da ƙwaryar ruwa a hannu da mayafi a kafaɗa. Sojan da ke wurin ya dubi gawa, ya dubi tsohuwa, ya ce shi dai kada ƙafar kowa ta tsallaka, ya juya baya.

Aka matso da akwati, aka buɗe. Amma akwai kwata a gindin wayar, akwatin ya kasa mannewa. Afiwa ta zura hannu har ƙarfe ya karce ta a damtse. Yatsunta suna rawa a iska, saura kaɗan, ba su kai ba. Ta sake gwadawa. Mata suka fara kuka.

Ta janye hannun, ta dubi Senanu. "Kai, zo nan. Miƙo hannuwanka."

Ya shiga cikin kwatar da takalminsa, ya miƙa. Ta tsiyayo masa ruwa ta ramin waya.

"Wanke masa. Goshi tukuna. A hankali, ba mota kake wankewa ba."

Ya shafa fuskar ubansa, sanyi ƙalau. Ita kuwa ta ɗaga murya.

"Ametepe, ni ce Afiwa. Hannun aro ne, amma ruwan nawa ne. Kada ka ce na ƙi zuwa. Tun Litinin na ɗaure kayana."

Nan Senanu ya tsayar da hannunsa. Ya jira ta ƙarasa, ta faɗa wa duniya wanda ya hana ta. Togbi ma ya ɗago kai. Amma ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ta wuce ta kira sunan uwarsu da ubansu da sauran magabata, ɗaya bayan ɗaya, ta cusa mayafin ta waya, Senanu ya lulluɓe. Da ta tona shi a gaban jama'a da ya fi masa sauƙi.

Aka yi zaɓe, aka raba da ƙyar, aka buɗe iyaka. Ranar da ya koma aiki, wani ya bugo yana murna: "Efo, kai ka ceci ƙasar nan! Da ba a rufe ba, da an sace." Wani ya bugo ya ce rufewar ce satar. Senanu, wanda bai taɓa rasa amsa ba, ya zauna yana tunani. Wa ya san abin da rufewar ta canza a ƙuri'a? Babu. Shi abu ɗaya ya gani da idonsa, yatsun tsohuwa suna rawa a iska. Ya ce wa mai kula da na'ura ya sa kiɗa.

Da aka tashi daga aiki ya tsallaka iyaka da ƙafa, ba wanda ya ko tambaye shi. Ya tarar da Afiwa tana gyaran kifi a tsakar gida. Ƙunshin kayanta na nan a bakin ƙofa, ba ta kwance ba. Ta zuba masa akple da miyar kuɓewa, ya kasa ci.

"Tasi, me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"In faɗa a gaban gawar ubanka? Ni ba rediyo ba ce."

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "To wankin nan... ya karɓu?"

Ta ci gaba da kankare kifinta.

"Ban sani ba, Senanu. Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa yi da hannun aro ba. In ya zo maka a mafarki, ka tambaye shi."