Gashi Talatin na Baba Hon

Tana tsakiyar matakala da ambulan a hannu sai ga 'yar Baba Hon ta sauko a guje, ko takalmi babu.

"Anti Nas, zo ki ga Baba! Numfashinsa!"

Ita dai ba nas ba ce, ita ce mai kunna injin gashin ƙari a sashen masu ciwon daji, amma duk gidan benen haka ake kiranta, har ta gaji da gyarawa. Baba Hon maƙwabcinta ne na sama, direban bas ɗin makarantar firamare, wanda hon ɗinsa ya shekara goma sha ɗaya yana tayar da layin nan kowace safiya. Ambulan ɗin kuwa sakamakon hoton ƙirjinsa ne. Tun da likita ya miƙa mata da rana bakinta ya ƙi rufuwa don murna: ƙarin da ke huhunsa, wanda a da ya kai lemo, yanzu bai fi gyaɗa ba.

Ta same shi a kujerar falo, ya dafe gwiwoyi, gumi ya jiƙa singiletinsa, leɓensa ya yi duhu. Tana taɓa goshinsa ta janye hannu.

"Mama, tun yaushe?"

"Yau kwana uku," in ji matarsa. "Ya ce mura ce, kar a dame ki."

"Ya shiga mutane ne?"

Matar ta sunkuyar da kai. 'Yar ce ta amsa. "Ya koma aiki ranar Litinin. Kwana ɗaya kawai, wai yana kewar yaran."

Nas ta hango motar a ranta. Bas mai rufaffun tagogi, yara arba'in, rabinsu na tari.

Gashi talatin ta yi masa da hannunta, mako shida. Ranar farko, da ya sauko daga gadon injin, ya dube ta da mamaki.

"'Yar nan, shi ke nan? Ni ban ji ko ɗumi ba. Wannan wane irin gashi ne ba hayaƙi?"

Ta yi masa bayani yadda take yi wa kowa. A cikin kowace ƙwayar ƙarin akwai wani siririn zare, DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta haihu. Hasken injin yana tsinka zaren nan. Lafiyayyar ƙwaya takan ɗinke nata, ta ƙari kuwa ba ta iya ba, in ta zo rabuwa biyu sai ta mutu.

"Kun yaga wa direba taswira kenan."

"Kusan haka. Kuma in suka mutu, garkuwar jikinku takan farga ta gane maƙiyin. Amma Baba, ku saurare ni. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin nan naku, su ma suna ratsawa ta ƙirji, hasken na bi ta kansu. Za su ragu sosai. Ko an gama, ban da cunkoso, ban da mai tari, sai likita ya ce."

"An gama, ranki ya daɗe," ya ce, har da sara mata.

Yanzu su uku suka ciccibe shi zuwa motarta. A hanya ta ɗaga murya don ya ji.

"Baba, hoto ya fito. Ƙarin ya kusa ƙarewa!"

Ya buɗe ido kaɗan. "Mun ci su?"

"Mun ci su."

"To ki rage gudu," ya ce da ƙyar, "akwai rami a gaba."

A asibiti aka ce limoniya ce, ta kama huhunsa duka biyu. Da aka kawo gwajin jini, Nas ta karanta adadin fararen ƙwayoyin, ta sake karantawa: saura ƙiris su ƙare. Washegari da hantsi, ana shirin sauya masa ledar ruwa, rai ya yi halinsa.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun Nas ta riƙe gam.

"Ba ke kika ce ya warke ba? Jiya-jiyan nan?"

"Ƙarin ne na ce, Mama."

"To me ya kashe shi? Mura?"

Bayanin da Nas ta yi wa ɗaruruwan mutane yana nan a harshenta, amma sai ta ɗora ɗaya hannunta a kan na matar.

Da ta koma aiki, aka ce a kwashe kayan waɗanda suka gama gashi. A kan kantar ajiya ta tarar da shuɗiyar katifar da aka zuƙe wa iska don ta riƙe Baba Hon daidai ƙarƙashin injin. Ga gurbin kafaɗunsa, ta dama ta ɗan fi nutsewa, ga inda ƙeyarsa ke zama. Ta daɗe tsaye, tafinta a cikin gurbin.

Sannan ta zare murfin da ya toshe ƙofar iskar. Iska ta shiga a hankali, katifar ta miƙe sumul.