Wutar da Ta Rasa Mai Sha

Juma'a uku a jere taransifomar wani layin masana'antu a Challawa tana ɗauke wuta da ƙarfe ɗaya da rabi. Kamfanin lantarki ya aiko takarda: in ta sake, za a cire duk solar da Injiniya Zuwaira ta ɗora wa masana'antu huɗu na layin.

Ranar Juma'a ta huɗu, Alhaji Baffa, mai masana'antar roba, ya tare ta a ƙofa.

"Wayoyinki ne ba su da kyau, Injiniya."

"Ranku ya daɗe, waya ba ta san Juma'a ba. Ku ba ni yau kawai."

Ta kafa kujera gaban mita. Ɗaya da kwata aka kashe injina, ma'aikata suka yi alwala suka nufi masallaci. Rana kuwa tana tsaka, sola na kwararo wuta, babu injin da zai sha. Sai ta ga wutar ta juya tana komawa taransifoma, taransifoma ta fara gurnani.

Da gudu ta faɗa ɗakin niƙa roba. Istifanus, shugaban ma'aikatan ɗakin, yana cin shinkafa da wake tare da Saratu mai kula da injin narkarwa.

"Baba Istifanus, ku kunna manyan injina yanzu."

"'Yata, shekara ashirin ba a taɓa tada inji lokacin salla ba. So kike a kore ni?"

"Ba wanda za a hana salla. Ku nawa ne a ciki?"

"Shida."

"Kun isa. In Alhaji ya tambaya, ni ce."

"Ka dai ce shinkafarka kake tausayi," in ji Saratu. Ta goge hannu ta danna nata injin.

Istifanus ya rufe kwano ya miƙe. Zuwaira ta kira Samson na masana'antar fata da ke maƙwabtaka, ta ce ya tada nasa. Gurnanin ya ragu. Ɗaya da rabi ta wuce, biyu ta wuce, wuta tana nan.

Alhaji ya dawo da darduma a kafaɗa, ya ji ƙara, ya murtuke.

"Wa ya ba da izini?"

"Ni ce. Wuta ce ta yi yawa, ba ƙaranci ba. Ku bar mini mutum shidan nan kowace Juma'a, ku sake su safiyar Lahadi su je coci."

Alhaji ya daɗe yana kallon mita.

"Istifanus, ka yarda?"

"In za a bar ni in gama cin abinci, Alhaji."

"Kawo sunayensu ofis."