Gwajin Tashi daga Kujera

Tsohon tela ya ji cewa ba a ɗora tsoho kan maganin daji mai ƙarfi sai an gwada ko jikinsa zai ɗauka. Sai ya duƙufa a ɗakinsa, yana koyon tashi daga kujera ba tare da ya dafa komai ba.

Ranar gwajin ya miƙe zumbur, ya taka har bakin ƙofa ya dawo, yana ɓoye haki.

"Baba, ashe da sauranka," in ji likita. "To, in maganin ya kayar da kai a gida, wa zai ɗaga ka?"

Wannan kam bai shirya mata ba. Ya waiga kujerar ɗan rakiya. Sandarsa ce kaɗai a jingine.