Sallahun da Ari Ya Bar wa Abba

Malam Ari mai hula ba ya karanta boko. Ajami yake rubutawa, lissafi kuma a ka yake yin sa. Amma yana da imel, har ma ya riga 'yan boko da yawa na unguwarsu samunsa.

Ƙanensa Abba ne ya buɗe masa. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, 'yan siyasa sun fito kowa yana neman hular Zanna Bukar mai tsada, kasuwar hula ta buɗe, wayar hannu kuwa ba ta zo hannun talaka ba tukuna. Abba ya ɗaura niyyar tafiya gabas, ta Chadi zuwa Sudan, in da rabo har Makka. Ana gobe zai tafi ya ja yayansa zuwa wani shagon kwamfuta a Ƙofar Mazugal, ya zaunar da shi gaban gilashin kwamfutar.

"Yaya, ka ga wannan? Ƙofa ce. Ko ina nake a duniya, ta nan zan yi maka sallama. Ba ta rushewa, kuma ba a biyan ko kwabo."

"Wa ya gina ta?"

"Wasu Turawa."

"Su ba sa cin abinci ne?"

Abba ya yi dariya, ya ce Yaya dai ba ya rabo da zargi.

Saƙo ya zo daga Injamena. Wani ya zo daga wani gari a Sudan, ya ce ya samu aikin ɗinki, rana tana da zafi, yana kewar gurasa. Daga nan shiru.

Shekaru suka bi juna. Aka raba gidan gadonsu na Yakasai, aka sayar, Ari ya koma Kabara. Ranar da zai tashi ya yi abin da kowane ɗan birni yake yi, ya bar sallahu wajen maƙwabcinsu Mailafiya: in wani ya zo nemana, a ce masa na koma wuri kaza. Mailafiya ya riƙe sallahun har ya rasu. Wanda ya sayi gidan ya rushe zauren ya kafa bene. Yanzu duk duniya babu wata ƙofa da Abba ya sani sai ta gilashin nan.

Saboda haka duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Ari sai ya miƙe zuwa Ƙofar Mazugal. Mai shagon sunansa Hammadu, Bafulatani ne da kakanninsa suka ajiye sanda suka zauna a birni. Ari kuwa Babarbare. To, kun san Fulani da Barebari, ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ga bawana ya iso! A ba shi kujera kada ya zubar mana da kanwa."

"Bawan wa? Kai da kakanka ya shigo garin nan da ƙwarya a ka? Buɗe min ƙofata, ɗan nema."

Hammadu ya buɗe, ya karanta masa abin da ya shigo, ya fassara. A nan matsalar take. Ari yana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa: duk wanda ya yi sallama sai an amsa masa. Kakansa fatoma ne, mai saukar da fataken Borno. A zaurensu ba a taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, ko ta mahaukaci ce. Ari ya ɗauko wannan ya kawo cikin kwamfuta.

Wata ta rubuto ta ce ita matar wani janar ce da ya mutu ya bar dukiya, tana neman mai amana. Ari ya ce a amsa mata, a yi mata ta'aziyya, a tambaye ta ko ta taɓa ganin wani tela Abba, dogo, mai tsage a kumatu. Wani ya ce Ari ya ci caca a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Ari ya ce a gaya masa ba ya cin caca, amma an gode, ko ya ga Abba? Masu maganin ƙiba, masu maganin rama, masu agogo, kowa ya samu amsarsa.

"Malam Ari, waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan damfara ne. Wasu ma ba mutane ba ne, inji ne. In ka amsa wa ɗaya sai ya gaya wa 'yan'uwansa akwai mutum a gidan."

"To ƙarya suka yi? Akwai mutum a gidan."

"Ni dai yatsuna sun gaji."

"Da tatsar nono ce da ba su gaji ba. Ka san a bakin wa labarin Abba yake? Rubuta."

Sai akwatin imel ɗin ya zama kasuwa. Kafin Juma'a ta zagayo saƙonni sun taru sun hau kan juna. Sai su amsa na sama, la'asar ta yi, na ƙasa su nutse, wasu su sake hawa kansu. Ari ya san da haka. Yana damunsa, amma bai ga yadda zai yi ba.

Wata Juma'a cikin damina wani saƙo ya ce a danna nan a ga hoton ɗan'uwa. Hammadu ya ce tarko ne. Ari ya ce a danna. Aka danna, ba hoto. Juma'ar da ta biyo, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wani ya shiga akwatin yana aika wa duniya tarkace da sunan Ari, masu gidan imel ɗin kuwa suka garƙame shi.

"Kira su," in ji Ari.

"In kira wa? Ba su da lamba. Sai dai in cike tambayoyinsu mu jira."

"Gida ba mai gida?"

"Gidan kyauta ne, Malam. Ba ka da bakin magana."

Wannan makon Ari bai yi cinikin kirki ba. Yana zaune a rumfa, hula a gwiwa, mai saye yana tayawa, shi kuwa yana ganin Abba tsaye a wata ƙasa mai yashi yana ƙwanƙwasa ƙofa, ƙofar da kwaɗo. Har ya ba wani Alhaji hular Damanga a maimakon ta Bama, sai da aka dawo masa da ita.

Allah ya taimaka, Hammadu ya yi ta fama har aka buɗe. Ranar ya ajiye wasa gefe.

"Ka tashi daga gidan nan. Akwai masu ba da akwati na biya, shekara-shekara, kamar haya. Ba talla, akwai mai gadi a ƙofa, in abu ya lalace ka yi magana mutum ya amsa. Ni kaina na koma can."

Ari bai yi musu ba, don wannan magana shi ya fi Hammadu saninta. Kakansa bai taɓa karɓar kuɗin kwana a hannun baƙo ba. Ɗaki kyauta, ruwa kyauta, tuwo kyauta. Amma duk kanwar da baƙon ya kawo ta hannun tsohon take fita, ya san abin da ke cikin kowane buhu, ya san wa ke bin wa, la'adarsa tana fita kafin ta kowa. Tun ranar da Abba ya ce ba a biya, Ari ya san ana cin wani abu a jikinsa, bai dai san ta ina ba.

"Na yarda," ya ce. "Wanda ya biya haya shi yake da bakin cewa rufi yana yoyo. Amma ba zan tashi ba."

"Don me?"

"Abba ya san sabon gidan?"

Hammadu ya juya ga kwamfutarsa. Sai hadari ya haɗo, aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Ruwa ya tsuge a kan kwanon shagon. Babu inda za a je. Ari ya jingina da bango, ya zura wa baƙin gilashin ido, ƙamshin ƙasa yana shigowa ta ƙofa, har idonsa ya yi nauyi.

Sai ga shi a zauren Yakasai. Zauren ne, ga shimfiɗar kakansa, ga randa, amma ya yi tsawo, daga zaure sai zaure, daga zaure sai zaure, ba a ganin ƙarshensa. Ko'ina mutane. Matar janar tana zaune a kan buhun kanwa da farin mayafi, tana ta gode masa. Mai caca yana alwala. Masu agogo sun rataye hajarsu a azara, agogunan suna lilo kamar 'ya'yan kuka, kowanne da lokacin da yake nunawa. Kowa yana sallama, kowa yana jiran amsa, shi kuwa yana zagayawa da moɗa yana ba su ruwa. Hulunan rumfarsa suna shawagi a sama a hankali kamar tattabaru, ba mai kula su. Can nesa, ta bakin ƙofa, inda ruwa yake zuba, akwai wani dogo a tsaye da keken ɗinki a kafaɗa. Bakinsa yana motsi. Ari ya san sallama yake yi. Amma hayaniyar baƙi ta cinye ta. Ya yunƙura zai je, matar janar ta miƙo moɗa, mai caca ya riƙe masa riga. Dogon ya jira, ya jira, ya gyara keken a kafaɗarsa, ya juya.

Ari ya farka wuta ta dawo, fanka tana juyawa, Hammadu yana goge ruwan da ya shigo.

"Kai, ɗan Fulani. A gidan nan ana barin sallahu?"

Hammadu ya ce ana bari. Akwai inda za a rubuta magana, duk wanda ya aiko saƙo sai ta koma masa da kanta, nan take, ba sai an taɓa ba.

"Kowa da kowa?"

"Kowa."

"To ka ga an amsa sallama ke nan. Tun tuni ka san da wannan ka bar ni ina wahala?"

"Ni ne dai na wahala. Amma ka sani, in ka rubuta sabon adireshi a ciki, baƙinka za su kwaso tabarminsu su biyo ka."

Ari ya daɗe yana shafa gemu. Abin da ya zo masa bai yi masa daɗi ba. Yana yaro yana da tumbi, kakarsu ta laƙaba masa wani suna. Duk wanda ya san sunan ya mutu, sai mutum ɗaya, Abba. Shi ma sau ɗaya ya taɓa faɗa, Ari ya kwaɗa masa mari a gaban makarantar allo, bai ƙara ba.

"Za a iya sa wa sabon akwatin duk sunan da na ga dama?"

"In wani bai riga ka ba."

"Ba wanda ya riga ni. Rantse ba za ka yi dariya ba."

Hammadu ya ƙi rantsewa. Ari ya sunkuya ya faɗa masa a kunne: Tulu.

Hammadu ya saki tsumman da ke hannunsa, ya riƙe ciki, ya zame har ƙasa. "Tulu! Wayyo Allah! Ashe bawan nawa na zuba ruwa ne!" Ari ya zauna ƙyam, fuska a murtuke, har ya gama. Sannan ya zaro kuɗin shekara ya ajiye a kan tebur, ya ce a rubuta.

Sallahun gajere ne. Wa alaikumus salam. Mai gidan ya tashi. In kai ne Abba, ka san sunan da Kaka take kirana da shi. Rubuta shi, ka bi shi da sunan sabon masaukin, ga shi nan a ƙasa, za ka same ni. In ba kai ba ne, Allah ya ba ka haƙuri.

Sabon akwatin fari fat. Ari bai ba kowa adireshin ba, ko masu sayen hula. Duk Juma'a sai Hammadu ya leƙa tsohon akwatin don kada a ce an yi watsi da shi a rufe, sannan ya buɗe sabon. Ba komai. Ari ya zauna ya kalle shi kamar mai kallon zaure bayan an yi shara an yayyafa ruwa.

"Wannan shi ne Babarbare. Ya kama haya ya zuba iska a ciki."

"Iskar tawa ce. Kai me ya dame ka?"

Damina ta wuce, aka yi kaka, sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa. Wata Juma'a Ari ya shigo, Hammadu bai ce ga bawana ba. Ya buɗe akwatin, ya tsaya, ya cire hannunsa daga kan tebur.

"Malam Ari. Wallahi ba ni ba ne."

Layi ɗaya ne baƙi a tsakiyar farin.

"Karanta."

Hammadu ya karanta. "Salamu alaikum, Yaya. Na sha yin sallama a can ba a ji ni ba. Kai ka ce in faɗi sunan, don Allah kada ka mare ni."

Ari ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar. A waje wani mai tura kurar kaya yana ta a ba shi hanya.

"Me zan ce masa?" in ji Hammadu.

"Ka amsa masa sallama tukuna. Sai ka ce ya shigo, ba kowa a zauren."