Ruwan Randa a Lagireto

Da hantsi wani direban lori da ya fito daga Kebbe ya sami Na'iya a Tambuwal, kwance ƙarƙashin motar ubangidansa, ya gaya masa mahaifiyarsa, Dada, ta rasu da asuba a Fakku. Kawunsa Sambo ya ce za a jira shi zuwa la'asar don ya ga fuskarta, ba za a wuce haka ba, saboda bazara ce. Na'iya ya yi innalillahi, ya ƙarasa ɗaure notin da ke hannunsa, sannan ya fito. Shi kansa ya yi mamakin yadda ya tsaya ƙarasa noti.

Ubangidan nasa, Alhaji Ɗanmaliki mai sayen auduga, ya ce ya ɗauki motar. Tsohuwar jif ce da Alhaji ya saya hannun wani Bature da ya tattara ya koma gida bayan an ba da mulkin kai. Daga ƙasar sanyi ta zo, har da hita mai hura iska mai zafi a ƙafafu. Direbobin tasha sun sha yi wa Na'iya tsiya a kanta, wai a garin da mutum ke gumi yana cikin wanka, shi aka ba motar jin ɗumi.

Ya kama hanyar Kebbe. Bai yi kuka ba, bai ma ji alamar zai yi ba. Idonsa na kan allurar zafin inji, wadda ta fara hawa tun bai yi nisa ba. Ya tsaya ya taɓa fambel, bel ɗin fankar inji, a ɗaure yake tam. Ya leƙa ƙasa, bai ga ɗigo ba. Da allurar ta ci gaba da hawa sai ya kunna hitar, don ya san tana janye wa inji zafi. Haka ya yi ta tafiya, rana na dukansa ta sama, hita na gasa masa ƙafafu, yana ji kamar ƙafafun wani ne.

Rana ta take tsaka sai iskar hitar ta koma sanyi. Wani zai ce sauƙi ya samu. Na'iya ya san ba haka ba ne, domin ruwan inji ne ke ɗumama hitar, in ta huce inji na tafasa, to ruwa ya ƙare ke nan. Ya kashe mota, ta gangara da kanta zuwa gindin wata tsamiya a bakin wani ɗan ƙauye.

Ya ɗaga murfin inji, zafi ya bugi fuskarsa. Ya sa tsumma ya sassauta marfin lagireto, tankin ruwan inji, a hankali har ya cire shi, ya leƙa, ƙaf. Ya bi tiyo da hannu har ya sami tsagar a na ƙasa, ta wajen da ido ba ya gani, ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi. Abu ne mai sauƙi. Yana da robar tsohon tub, waya kawai yake bukata ya ɗaure, kafin nan inji ya huce, ya zuba ruwa, ya isa Fakku da sauran lokaci.

Mutanen ƙauyen suka kewaye shi. Da suka ji inda za shi, suka yi masa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo, Malami, wanda ya yi shekarunsa yana kiwon dokin hakimi, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Na'iya ya roƙi a samo masa ruwa, ya tambayi maƙera, aka nuna masa can bayan gari, ya tafi neman waya. Bai ce kada a taɓa motar ba. Bai zo masa a rai ba cewa akwai wanda bai san ba a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi.

Su kuwa mutanen ƙauyen nan ba sa ba baƙo ruwan da rana ta taɓa, balle baƙon da uwarsa ta rasu. Malami ya hana a ɗebo na kududdufi. Ya aika cikin gidansa aka kwaso na randar da ke binne a ƙuryar ɗaki, mai sanyin da ke kashe haƙori.

Na'iya yana dawowa da waya a hannu ya hango tururi ya turnuƙe tsamiya. Sannan ya ji wata ƴar ƙara, ƙas, ba ta fi ta fashewar ƙoƙo ba. Malami na tsaye da tulu, ya sake cika shi zai ƙara.

“Mun ba ta ruwa, ɗana,” in ji shi. “Ƙishi taka ji, tausai ta ban. Na randa ne munka sa mata, ba na tabki ba.”

Na'iya ya dubi fuskar tsohon, ya ga murna a cikinta.

“Na gode, Baba. Allah shi saka.”

Duk da haka ya ɗaure tiyon da kyau, ya cika lagireto, ya tayar da mota. Ta tashi tana kakari, farin hayaƙi na fita ta salansa, ruwa na kumfa a bakin lagireto. Ya zaro sandar gwajin mai, ya ga baƙin mai ya koma kalar kunu. Kan inji ya tsage, ruwa ya haɗu da mai. Ya kashe ta, ya goge sandar, ya mayar da ita wurinta. Ya gaya wa Malami wani ciwo ne daban da ta daɗe da shi, ya bar masa amanarta. Aka ba shi jaki, ya ce ƙafa ta fi sauri, ya kama hanyar Fakku.

Ya yi la'asar a gefen hanya da taimama. Yana cikin sallar yana lissafin inda za a sami kan inji, ko Sakkwato ko sai Kano. Ya ji kunyar hakan, amma kunyar ma daga nesa ya ji ta.

Rana ta yi ja lokacin da ya shiga Fakku. A bakin maƙabarta ya haɗu da maza suna fitowa da fatanya, biyu na ɗauke da makara ba kowa a ciki. Kawu Sambo ya fito daga cikinsu, ya kama shi ya kai shi gaban wani sabon tudun ƙasa da aka rufe da ƙaya.

“Mun bar fuskatta buɗe don kai har la'asar tay yi sanyi,” in ji kawun. “Sannan munka rufe.”

Na'iya ya durƙusa. Ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a, ya ga sun yi baƙi ƙirin da mai har cikin farce. Ya jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa, mutane na tsaye bayansa suna jiran su ce amin. Da jiran ya yi yawa sai ya shafa, suka shafa.

Suna tafiya gida ya ji bakinsa yana tambayar wa ke da shanun huɗa da za su iya jan mota. Kawu Sambo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce akwai na maƙwabcinsu Ladan, sai dai a bari a yi sadakar uku.